Kawa, Ƙanƙara da Jirgin Sama: Yadda Abincin Teku Ya Hau Teburin Attajirai

Gidan cin abincin teku na alfarma, wato wurin da ake zaunar da baƙo a tebur mai farin mayafi, a miƙa masa takardar jerin abinci da farashinsa, sannan a kawo masa kifi ko kawa ko lobsta da aka ciro daga ruwa kwana ɗaya ko biyu kafin zuwansa, sabon abu ne a tarihi, domin shekarunsa ba su wuce ɗari biyu da 'yan kai ba. Kawa halitta ce mai laushin jiki da ke zaune a cikin ɓawo biyu masu tauri, tana manne da duwatsu a wuraren da ruwan kogi ke haɗuwa da na teku, shi kuwa lobsta babban ɗan'uwan jatan lande ne mai hannaye biyu irin na ƙaguwa. Yawancin waɗannan abubuwa da ake biya wa kuɗi mai tsoka a yau abincin talakawan bakin teku ne a da, kuma tsadar da suka yi ba ta zo daga wani daɗi da aka gano a cikinsu daga baya ba. Ta zo ne daga wahalar kai su nesa kafin su lalace, da ƙarancin da mutane suka jawo musu da hannunsu, da kuma amanar da mai ci ya koma saye bayan da ruwan da ake kamun su ya gurɓace.

Tushen al'amarin shi ne saurin ruɓewar kifi. Naman dabba yana iya jure 'yan kwanaki a wuri mai sanyi, amma kifi yana fara sauyawa tun daga sa'ar da ya bar ruwa, shi ya sa al'ummomin da ke nesa da teku suka dogara da gishiri da shanya da hayaƙi, kamar dai yadda kifin banda na Tafkin Chadi ke isa kasuwannin Kano da ma gaba da nan. A Turai ta tsakiyar zamani buƙatar kifi ta yi yawa ƙwarai, saboda Cocin Katolika ta hana cin nama a ranakun Juma'a da kwanaki arba'in na azumin da ke gabanin bikin Ista, da wasu ranaku da dama a cikin shekara. Talaka yana cika wannan umarni da busasshen kifi ko wanda aka jiƙa da gishiri a ganga, mai mulki kuwa yana cika shi da ɗanyen kifin teku, ko da fadarsa tana tafiyar kwanaki daga gaɓa. Ke nan tun kafin a san gidan cin abinci, sabon kifi a tsakiyar ƙasa alama ce ta mai iko da dawakai da hanyoyi da bayi ko barori.

A Faransa an gina sana'a guda a kan wannan buƙata, wadda ake kira chasse-marée, wato fataken da ke ɗaukar kifi a kekunan doki daga tashoshin ruwa irin su Dieppe da Boulogne zuwa Paris. Suna tashi da yamma bayan masunta sun sauke kaya, suna sauya dawakai a zango-zango cikin dare, don su isa babbar kasuwar Les Halles kafin kifin ya juya, kuma titunan da suke bi su shiga birnin, kamar Poissonnière da Montorgueil, sun cika da masu sayar da kifi da kawa. Nauyin da ke kan wannan sufuri ya fito fili a watan Afrilu na 1671, lokacin da Yarima Condé ya karɓi baƙuncin Sarki Louis na 14 a fadarsa ta Chantilly. François Vatel, wanda ke kula da shirin liyafar, ya ga gari ya waye ranar Juma'a kifin da ya yi oda bai iso ba sai kaɗan, ya ɗauka mutuncinsa ya zube, ya kashe kansa, ba da jimawa ba kuma sauran kekunan suka iso. Wasiƙun Madame de Sévigné ne suka adana labarin, kuma abin da yake nunawa shi ne cewa darajar babban gida tana iya rataya a kan 'yan sa'o'in da keken kifi ya yi jinkiri a hanya.

Gidan cin abinci a sigarsa ta yanzu ya bayyana a Paris a shekarun 1760. Kafin nan matafiyi yana cin abin da mai masauki ya dafa ne, a lokacin da aka tsayar, a doguwar tebur tare da duk wanda ya tarar. Sabon tsarin ya ba kowane baƙo teburinsa, ya bar shi ya zaɓi abin da yake so daga rubutaccen jeri mai farashi, a sa'ar da ya ga dama. Antoine Beauvilliers ya buɗe gidansa mai suna Grande Taverne de Londres a 1782, wanda ya haɗa kyakkyawan ɗaki da ƙwararrun masu hidima da girkin fada, kuma bayan juyin juya halin 1789 irin waɗannan gidaje suka yawaita, attajiran birni suka samu damar sayen abin da a da sai an gayyace mutum gidan basarake yake ɗanɗanawa. A farkon ƙarni na 19 gidan Rocher de Cancale, wanda ke kan titin Montorgueil inda kawar ke sauka, ya yi suna har marubuci Balzac ya riƙa kai taurarin littattafansa cin abinci a can. Jirgin ƙasa ya haɗa Paris da gaɓar arewa a ƙarshen shekarun 1840, ya kashe sana'ar fataken doki cikin ɗan lokaci, ya kuma share fage ga gidaje irin na Alfred Prunier, wanda aka buɗe a 1872 ya zama abin koyi ga gidan da ya keɓe kansa ga abincin teku kaɗai.

Landan ta bi wata hanya dabam, kuma a nan ne aka fi ganin yadda abinci ke sauya aji. A tsakiyar ƙarni na 19 kawa abincin leburori ce da masu dako, ana sayar da ita a kan teburan bakin titi, huɗu a kan kwabo ɗaya na Ingila, ana kuma cusa ta cikin burodin nama don a rage yawan naman sa, wanda ya fi ta tsada. Henry Mayhew, wanda ya yi bincike kan rayuwar talakawan birnin ya wallafa a 1851, ya kawo ƙiyasin cewa kawa kusan miliyan 500 ke ratsa kasuwar kifi ta Billingsgate a shekara. Manyan gidajen abincin teku da Landan ke alfahari da su a yau daga wannan kasuwa ta talakawa suka tsiro. Wiltons, wanda yanzu yake kan titin Jermyn, yana danganta asalinsa ga wani mai tallar kawa a Haymarket a 1742, Scott's ya fara a matsayin rumbun kawa a 1851 kafin ya koma unguwar masu kuɗi ta Mayfair, sai kuma Bentley's da ya biyo baya a 1916.

Abu biyu suka raba talakan Landan da kawarsa. Na farko shi ne kwasar ganima, domin da jirgin ƙasa ya buɗe kasuwannin cikin ƙasa, masu kamu sun riƙa jan ƙarfe mai haƙora a ƙasan ruwa suna kwashe manya da ƙanana, har ma da tsofaffin ɓawon da 'ya'yan kawa ke buƙata don su manne su girma. Na biyu shi ne ƙazanta. Kawa tana rayuwa ne ta hanyar tace ruwa, tana riƙe abin da ke cikinsa, don haka idan gari ya juya magudanar bayan gida zuwa inda take, sai ta tara ƙwayoyin cuta a jikinta, mutane kuma ɗanya suke haɗiye ta. A watan Nuwamba na 1902 an ci kawar garin Emsworth a liyafar magajin gari a Winchester da kuma Southampton, mutane da dama suka kwanta da zazzaɓin taifot, wasu suka mutu, ciki har da shugaban limaman babbar majami'ar Winchester. Kasuwar Emsworth ta rushe, tsoro ya kama jama'a a duk ƙasar. Daga wannan lokaci wanda zai ci kawa sai ya nemi gidan da ya yarda da shi, gidan da ya san daga wane ruwa aka ɗebo ta, kuma wannan yarda ta shiga cikin farashi ba ta sake fita ba.

Tarihin New York ya fi na ko'ina armashi a wannan fanni. Lokacin da Turawa suka iso a ƙarni na 17, an ƙiyasta cewa filayen kawa da ke ƙarƙashin ruwan tashar jiragen ruwan birnin sun kai eka 220,000, kuma 'yan asalin wurin, mutanen Lenape, sun bar tsibin ɓawo da ke shaida daɗewar cin ta. A ƙarni na 19 birnin ya cika da ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da ake sayar da kawa, waɗanda ake gane su da jar fitila a bakin matakala, a wasunsu kuma, musamman na titin Canal, mutum yana biyan santi shida ya ci iya cikinsa. Wurare ne na maza, masu hayaniya da shaye-shaye, waɗanda mai mutunci ba ya kai iyalinsa.

Mutumin da ya sauya wannan hoto baƙar fata ne, Thomas Downing, wanda aka haifa a 1791 a gaɓar jihar Virginia, iyayensa bayi ne da aka 'yanta, ya kuma tashi cikin sana'ar kamun kawa. Ya iso New York a 1819, ya fara da kwale-kwale yana kamowa da kansa yana sayarwa, a 1825 kuma ya buɗe gidansa a lamba 5 kan titin Broad, dab da cibiyar hada-hadar kuɗi ta Wall Street. Ya shimfiɗa darduma, ya rataya labule da fitilun ƙawa, ya mayar da wurin inda 'yan kasuwa da 'yan siyasa za su zo da matansu ba tare da jin kunya ba. Sirrin cinikinsa kuwa yana bakin ruwa, domin yakan fita tun cikin dare ya tari jiragen masu kamu kafin su iso kasuwa, ya zaɓi mafi kyawun kaya, abin da har yau shi ne ginshiƙin kowane gidan abincin teku da ya amsa sunansa. Abin da ya ƙara wa tarihinsa nauyi shi ne cewa a lokacin da manyan birnin ke cin abinci a sama, ɗakunan ajiyarsa na ƙasa suna cikin maɓoyar bayin da ke gudu daga kudu zuwa Kanada, shi kansa kuma ya yi fafutukar neman ilimi da 'yancin zaɓe ga baƙaƙen fata. Da ya rasu a 1866, majalisar 'yan kasuwar birnin ta rufe ofishinta don girmama jana'izarsa. Ya cancanci a riƙa ambatonsa a duk inda ake ba da tarihin wannan sana'a, wadda sau da yawa ake jingina ta ga Faransawa kaɗai.

Kawar New York ta gamu da abin da ta Ingila ta gamu da shi, har ma fiye. Birnin ya girma, najasarsa da dattin masana'antunsa suka malala cikin tashar, aka riƙa rufe filayen kamu ɗaya bayan ɗaya. A hunturun 1924 zuwa 1925 annobar taifot da aka danganta da ɗanyar kawa ta kama mutane kimanin 1,500 a New York da Chicago da Washington, ta kashe kimanin 150, lamarin da ya tilasta wa gwamnatin Amurka kafa tsarin duba tsaftar ruwan da ake kamu da ba da takardar shaida ga masu sayarwa. A 1927 aka rufe filin kawa na ƙarshe na birnin. Shahararren gidan kawa da ke tashar jirgin ƙasa ta Grand Central, wanda aka buɗe a 1913, yana nan har yau, amma kayansa daga wasu ruwaye ake kawo su. Tun 2014 wani shiri mai suna Billion Oyster Project yake tattara ɓawon da aka ci a gidajen abinci yana mayar da shi cikin tashar don sababbin kawa su manne, sai dai waɗannan don tace ruwa ake renon su, ba a yarda a ci su ba.

Lobsta ya bi sawu ɗaya, da ɗan bambanci. A farkon zaman Turawa a yankin New England yana da yawa har ana yin taki da shi a gona, ana kuma sa shi a ƙugiya don kama kifin da aka fi daraja. Wahalarsa ita ce dole a dafa shi da rai, domin namansa yana lalacewa da zarar ya mutu, don haka sai da aka ƙera jiragen ruwa masu rijiya a ciki, inda ruwan teku ke shiga yana fita, kafin a iya kai shi Boston da New York. Daga shekarun 1840 masana'antun gwangwani suka bazu a gaɓar jihar Maine suna sayen ƙanana da manya, har girman wanda ake kamawa ya ragu sosai. Jihar ta hana kama mace mai ɗauke da ƙwai a 1872, sannan dokar 1895 da ta tsayar da mafi ƙarancin tsawon da za a kama ta durƙusar da masu gwangwani, ta bar kasuwar ga masu sayar da shi da rai. A daidai wannan zamani gidan Delmonico's na New York, ƙarƙashin babban kukunsa Bafaranshe Charles Ranhofer, ya shahara da girkin lobsta cikin man shanu da kirim da ƙwanduwar ƙwai, kuma zuwa 1899, lokacin da aka buɗe gidan Rector's a kan titin Broadway, cin lobsta da tsakar dare bayan an tashi daga gidan wasan kwaikwayo ya zama hanyar da sabon mai kuɗi ke nuna ya iso. Dokar hana sayar da barasa ta 1920 ta karya yawancin waɗannan gidaje, saboda ribarsu ta fi fitowa daga abin sha, Delmonico's ma ya rufe a 1923. Ya kamata a lura cewa Maine, wadda ta sa wa kanta linzami da wuri, har yau tana da lobsta mai yawa, alhali New York ta rasa kawarta gaba ɗaya.

Duk wannan bai yiwu ba sai da sanyi. Frederic Tudor na Boston ya fara safarar ƙanƙarar tafkuna a jirgin ruwa a 1806, kafin ƙarshen ƙarnin kuma injin yin ƙanƙara da taragon jirgin ƙasa mai sanyi suka sa ɗanyen kifi ya isa biranen da ba su taɓa ganin teku ba. Matakin ƙarshe shi ne jirgin sama. A 1972 kamfanin jiragen saman Japan, wanda jiragensa ke kai kayan lantarki Amurka su dawo babu kaya, ya gwada ɗauko babban kifin tuna daga gaɓar Kanada zuwa kasuwar Tsukiji ta Tokyo, kifin da masuntan can ke sayarwa a kan 'yan kwabbai don abincin kyanwa ko su binne shi. Su kansu Japanawa a ƙarnonin baya ba su daraja ɓangaren cikinsa mai kitse ba, saboda shi ne ke fara lalacewa, amma da sanyi ya kawar da wannan matsala sai ya zama mafi tsada a jikin kifin. A gwanjon farkon shekara na 2019, a sabuwar kasuwar Toyosu da ta gaji Tsukiji, an sayi tuna guda mai nauyin kilo 278 a kan yen miliyan 333.6, wato sama da dala miliyan 3, ko da yake irin wannan farashi na neman suna ne fiye da na ciniki.

Saurin sufuri ya sauya har yadda ake girkin. Tsohon salon Faransa yana lulluɓe kifi da miya mai nauyi, wanda wani ɓangare na amfaninta shi ne rufe abin da doguwar tafiya ta yi masa. Gilbert Le Coze da 'yar'uwarsa Maguy, jikokin masunci daga yankin Brittany, sun buɗe Le Bernardin a Paris a 1972, suka kai shi New York a 1986, bisa aƙidar cewa kifi mai kyau ba ya buƙatar wuta da yawa, wani ma ba ya buƙatarta sam. Gidan, wanda Eric Ripert ke jagorantar kicin ɗinsa tun 1994, yana riƙe da taurari uku na littafin Michelin mai tantance gidajen cin abinci, mafi girman darajar da littafin ke bayarwa, tun 2005. A irin wannan gida gwanintar kuku ta koma sanin mai kamu da tashar da aka sauke kaya da ranar da aka sauke su, shi ya sa takardar abinci ta fara ɗaukar sunayen gaɓoɓi da tsibirai.

Wasu daga cikin waɗannan gaɓoɓi a Afirka ta Yamma suke. Halittar ruwa mai hannaye takwas, wato octopus, da ake kamawa a tekun Muritaniya, wadda mutanen ƙasar ba su saba ci ba, tana cikin manyan kayan da ƙasar ke fitarwa daga tashar Nouadhibou zuwa Japan da Sifaniya, kuma tana kawo kuɗin shiga da ayyukan yi da ba za a raina ba. A Senegal lamarin ya fi ɗaci, domin kifin da ake kira thiof, wanda a da shi ne zaɓin uwargida wajen dafa shinkafa da kifi da ƙasar ta shahara da ita, ya ragu a ruwa saboda yawan kamu, mafi kyawun abin da kwale-kwalen masunta suka samo kuma ana jera shi cikin ƙanƙara a tura filin jirgin saman Dakar zuwa kasuwannin Turai. Iyalai da yawa a Dakar da Saint-Louis sun koma ga ƙananan kifaye masu araha irin su yaboy, su ma ɗin masana'antun garin kifi da suka yawaita a gaɓar Muritaniya da Senegal da Gambiya suna saye da yawa suna niƙawa, don ciyar da dabbobi da kifayen da ake kiwo a Turai da Asiya, waɗanda wasunsu kan ƙare a faranti a gidajen cin abincin teku.